Turken Ragon Awabu

Awabu tana dakan yajin Sallah a tsakar gida sai ta ji muryar injin ta sauya. Ta daɗe tana kwana tana tashi da wannan ƙara, ta san ta kamar yadda ta san tarin mijinta Ishawu. Idan kurfi ya kama itace, injin yakan yi gurnani. Idan Ishawu ya ɗaga hannu, sai ya koma zuuu. Yanzu kuwa zuuu ɗin kaɗai ake ji, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani sauti kamar na mutumin da aka shaƙe yana son yin magana.

Ta ruga da taɓaryar a hannu, don ba ta ma tuna ta ajiye ta ba.

Shagon yana gaban gidan, a bakin titin da turakun lantarki suka biyo daga Kokomlemle suka shigo gefen unguwar Nima a birnin Ankara. A nan Ishawu yake sassaƙa ƙafafun gado da na tebur, da injin da ke juya itace shi kuma yana kafa masa kurfi. Ta same shi tsaye, ƙafa ba takalmi, hannunsa na dama manne da ƙarfen injin, wuyansa ya sandare, idanunsa sun kakkafe. Ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba. Ƙafar gadon da yake aiki a kai tana ta juyawa abinta.

Har ta miƙa hannu za ta fizgo shi, sai maganar Jamiu mai gyaran wuta ta faɗo mata: wanda wuta ta kama ba a taɓa shi da hannu, busasshen itace ake nema. Ta ja baya, ta saita kan taɓaryar a haƙarƙarinsa, ta angiza da duk ƙarfinta. Ishawu ya ɓalle daga jikin injin ya zube cikin dusar katako. Ta juya ta daki hannun babban makunnin da ke bango, ya yi ƙasa. Injin ya yi ta rage gudu har ya tsaya.

Kafin ta gama kiran sunansa shagon ya cika. Wani ya ce a zuba masa ruwa, wani ya ce a ba shi manja, wani direban babbar mota da ke shan koko a tsallake ya ture su duka ya ce a ɗauko shi. Ishawu yana numfashi. Tafin hannunsa ya yi fari fat kamar an ɗora shi a kan tanda. Yayansa Iddrisu, wanda ke shugabantar 'yan dako a tasha, ya iso da gudu rigarsa a kafaɗa, ya shiga bayan motar ya rungume kan ƙanensa. Ya ce wa Awabu ta tsaya da gida, ta biyo su da abinci da yamma.

Matan layin suka kewaye ta. Wannan ta ce ba ta taɓa ganin mace mai zuciya irinta ba, waccan ta ce da ita ce da tuni sun manne su biyu. Aka ba ta ruwa, aka yi mata fifita, aka ɗaga taɓaryar ana dubawa kamar ba a taɓa ganin taɓarya ba. Da kyar suka watse.

Shiru ya sauka a gidan, sai kukan rago daga bayan shago. Ta tuna ba ta ba shi ruwa ba tun safe. Ta ɗebo a kwano ta zagaya.

Ragon nata ne, ita ta saye shi yana ɗan ƙarami ta yi kiwonsa da ɓawon rogo da dusar masara, don bana su yi layya da na kansu. Ya yi ƙiba ya yi ƙarfi, kuma tun da ruwan sama ya fara sauka ƙasa ta yi laushi, babu turken itacen da bai tumɓuke ba. Ranar da ya shiga gidan maƙwabta ya cinye musu garin dokunu, wato masarar da suke dafa abinci da ita, ta rasa yadda za ta yi, sai idonta ya faɗa kan wata sandar ƙarfe da aka kafa a bayan shagon, ta nutse cikin ƙasa sai kanta ake gani. Ta girgiza ta, ko motsi. Ta ɗaura ragon a nan. Matsala ɗaya, akwai wata koriyar waya da ta fito daga wani ɗan rami a gindin bangon shagon ta zo ta maƙale a sandar, ragon kuwa kullum sai ya harɗe ƙafa a ciki. Ta taɓa wayar da yatsa, ba ta ji komai ba. Ta ce a ranta, wayar da ta shiga ƙasa ai ba inda za ta kai wuta. Ta ɗauko wuƙar yankan nama ta datse ta daidai bakin ramin, ta naɗe ragowar a gindin sandar. Tun makon jiya ke nan, ba ta ƙara tunawa ba.

Yanzu tana tsaye da kwanon ruwa, tana kallon koriyar wayar a naɗe, sai ragowar maganar Jamiu ta dawo. Ranar da ya haɗa injin ne, tana ajiye musu shinkafa da wake a kan benci, shi kuma yana ta zuba kamar yadda ya saba, cikin Hausarsa ta Zango da ba ruwanta da mace ko namiji.

“Anti Awabu, ka ji da kyau. Wuta ɓarawo ne, kullum yana neman hanyar gudu. In ya tsere cikin ƙarfen inji, wannan waya shi ne ƙofarsa. Ya bi ya shiga ƙasa, fiyus ya ƙone, shi ke nan. In babu ƙofa, ta jikin Masta zai bi.”

Ta yi dariya a lokacin ta ce ya ci abinci kada ya huce.

Kwanon ya suɓuce daga hannunta. Ragon ya sa baki yana lasar ruwan a ƙasa.

Ta duba hagu ta duba dama. Babu kowa, sai kaji. Hannunta ya riga tunaninta. Ta kwance ragon ta kai shi tsakar gida ta ɗaure a ƙafar turmi. Ta dawo ta warware wayar, ta miƙar da ita, ta cusa bakin da ta yanke cikin ramin bangon har ya shige. Ta ɗebo laka ta toshe gefen, ta share kashin ragon da tsintsiya, ta watsa busasshiyar ƙasa. Da ta ja baya ta duba, wayar ta fito daga bango ta tafi sanda kamar ranar da aka sa ta. Sannan ta je ta wanke hannu, ta sake wankewa, ta ɗora tukunya.

A asibiti ta tarar Ishawu ya farfaɗo. An naɗe masa hannu, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa, likita ya ce sai an ga yadda hali ya yi. Bai tuna komai ba daga lokacin da ya idar da alwala ya ce bari ya ɗan goge ƙafar gadon nan kafin a tayar da sallah. Abin da ya fi damunsa haƙarƙari ne. Ya dube ta yana murmushin wahala ya ce ya san ta daɗe tana neman dalilin da za ta buga masa taɓarya, Allah ya kawo mata. Masu jinya a gadajen kusa suka yi dariya. Ita ma ta buɗe baki kamar mai dariya, ta sunkuya tana zuba masa miya don kada ya ga idonta.

Iddrisu bai yi dariya ba. Shi ya riƙe Ishawu tun suna yara bayan rasuwar ubansu, shi ya kawo shi Ankara, kuma tun farko bai so injin nan ba. Ya sha faɗa cewa na ƙafa da ake takawa bai taɓa kashe kowa ba. A kan hanyarsu ta dawowa cikin motar haya ta tirotiro bai yi maganar kowa ba sai Jamiu. Yaron Bayarabe, baki ya fi aiki yawa, ya zo ya ɗaura wa ƙanensa mutuwa a shago ya tafi yana fito.

Suna isa suka sami Jamiu a ƙofar shagon da akwatin kayan aikinsa, daga wurin aiki a Kotobabi ya ji labari ya taho. Ya gaida Iddrisu har ƙasa, ya roƙi a buɗe masa ya duba. Iddrisu ya sa kwaɗo a ƙofar a gabansa, ya jefa mabuɗin cikin aljihu, ya ce ba zai shiga ya gyara ɓarnarsa a ɓoye ba. Jamiu ya ce to a bar shi ya ga wayar ƙasa kawai, don in tana nan abin da ake faɗa ba zai yiwu ba. Iddrisu ya riƙe masa damtse kamar ɓarawon kasuwa ya zagaya da shi baya, mutane na biye.

Awabu tana madafa, ta kafar langa-langa take leƙe. Ta ga Jamiu ya tsaya. Ta ga ya bi wayar da ido daga sanda zuwa bango, daga bango zuwa sanda. Ya yunƙura zai sunkuya, Iddrisu ya janye shi.

“Ga wayarka nan,” in ji Iddrisu. “Ga ƙanena can a kwance. Wanne ne ƙarya?”

Jamiu ya sunkuyar da kai, ya ɗauki akwatinsa ya tafi.

Labari biyu suka zagaya Nima tare. Na farko na Awabu mai taɓarya, wadda yanzu ko famfo ta je sai a matsa mata ta riga kowa ɗiba, mai nama ya ƙara mata tsoka, tsofaffi su tsayar da ita su sa mata albarka. Na biyu na Jamiu. Telan da ya yi masa alkawarin aiki ya aiko ya ce ya fasa. Kwamitin masallaci, waɗanda suka ce shi zai ja musu fitilu kafin Sallah, suka ce a dakata. Mai gidan da yake haya ya fara cewa yana jin ƙaurin waya a ɗakinsa. Har ƙosan matarsa Salimatu, wanda a da kafin rana ta ɗaga ya ƙare, ya koma yana yini a faranti yana shan ƙuda.

Awabu ta riƙa gaya wa kanta cewa shagon a kulle yake, ba wanda zai ƙara jin ciwo. Sallah za ta zo, mutane su shagala da nama, magana ta mutu. Ta kuma san abin da take tsoro. Ba ta da kowa a Ankara, danginta duk suna can arewa a Bawku. Iddrisu in ya ji, a ranar zai sa ta a mota. Wannan ma da sauƙi. Abin da ba ta iya jure hangowa shi ne fuskar Ishawu, da hannun nan a naɗe, yana kallonta bayan ya sani. Abinci ya daina shiga mata. Kukan ragon kuwa ji take kamar sunanta yake kira.

Ana cikin haka Salimatu ta yi sallama da rana tsaka, goye da jaririyarta, ɗauke da kwanon miyar kifi. Ta ce a kai wa Masta asibiti, amma kada a ce daga gidansu ne, kada Yaya Iddrisu ya zubar. Ta zauna a kan turmi ta ce mijinta ba ya barci, yana ta zana injin a ƙasa da tsinke yana tambayar kansa inda ya yi kuskure. Ya fara maganar su tattara su koma Ikko, garin da ita ba ta taɓa gani ba, don a Lagos Town, wata unguwa a nan Ankara, aka haife ta. Sannan ta kama hannun Awabu ta ce duk layin nan ita kaɗai ce ba ta sauya musu fuska ba, alhali ita ce ta fi kowa hujjar yin haka.

Awabu ta so ta faɗa mata gaskiya. Ta buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, miyar ta yi ƙamshi, Allah ya saka.

Ranar jajibirin Sallah mai unguwa ya kira zama, kuma Iddrisu ya nace a yi shi a ƙofar shagon. Aka jera benci bayan la'asar. Yawancin dattawan suna azumin Arfa, bakuna sun bushe, haƙuri ya yi ƙaranci. Mata suka tsaya daga baya, Awabu a bakin ƙofar gida, Salimatu can gefe ita kaɗai.

Iddrisu ya ce abin da yake nema kaɗan ne: Jamiu ya amsa laifinsa a gaban jama'a, ya bar taɓa waya a unguwar nan har abada. Jamiu ya miƙe ya yi bayani, wannan karon a hankali. Ya ce bai san abin da ya faru ba tunda an hana shi dubawa. Wataƙila Masta ya kama makunni da jiƙaƙƙen hannu. Amma jikin injin, in dai wayar ƙasa tana haɗe kamar yadda kowa ya gani, ba zai riƙe mutum ba, fiyus ne zai ƙone. Ya ce wannan zai iya rantsewa a kai.

Iddrisu ya ce ba ya son rantsuwa. Ya ciro mabuɗi ya buɗe shagon, ya ɗauki butar wani dattijo ya tuttule ruwan a ƙasa gaban injin.

“Haka ƙanena ya tsaya. Cire takalminka ka tsaya a nan, ka dafa inda ya dafa, ni zan kunna. In ka sauka lafiya, ni Iddrisu zan bi layin nan gida-gida in ce na yi maka ƙarya.”

Mai unguwa ya ce a'a, ba a haka, wannan ai wasa da rai ne. Amma bai faɗa da ƙarfi ba, kuma daga baya samari sun fara cewa ai in yana da gaskiya ba abin tsoro. Wani ya ce da ma bakinsa ne kawai ke da lantarki. Aka yi dariya. Jamiu ya roƙi a bar shi ya gwada da fitilarsa tukuna, Iddrisu ya ce Ishawu ba da fitila ya gwada ba.

Jamiu ya waiwaya ya dubi matarsa. Ya dubi mutanen da ya ja wa wuta a ɗakunansu, waɗanda yanzu ba mai haɗa ido da shi. Sai ya zauna a bakin benci ya fara kwance igiyar takalminsa mai ƙasan roba, wanda bai taɓa aiki ba tare da shi ba. Ya ajiye su gefe ɗaya, ya naɗe ƙafar wando. Salimatu ta ce masa wani abu da Yarabanci. Ya taka cikin ruwan, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen, daidai inda fatar Ishawu ta bar tabo.

“Yoo, Yaya. Kunna.”

Iddrisu ya kai hannu bango.

Awabu ba ta san lokacin da ta ratsa maza ba. Ta ji dai kafaɗarta ta bugi wani, ta ji zanenta ya kama a ƙusar benci ya yage, sai ga ta tsakanin Iddrisu da makunnin, ta rufe shi da bayanta.

“Yaya, kada ka kunna. Zai mutu.”

Iddrisu ya ce ta matsa, wannan ba maganar mata ba ce, tausayinta ya yi yawa. Ta ce ba tausayi ba ne. Ta ce Jamiu ya ɗauke hannunsa, kowa ya biyo ta zuwa bayan shagon. Yadda ta faɗa ya sa ba wanda ya yi gardama.

A bayan shagon ta durƙusa a gindin bango. Ta kama koriyar wayar da yatsu biyu ta ja. Ba ta sa ƙarfi ba. Wayar ta zaro daga ramin da busasshiyar laka a jikinta, bakinta a datse, jan ƙarfen yana ƙyalli inda wuƙa ta bi.

“Ni na yanke,” ta ce. “Na ɗaure ragona a sandar nan, tana harɗe masa ƙafa. Ranar da abin ya faru na mayar da ita cikin ramin don kada a gane.”

Daga tsakar gida ragon ya yi kuka.

Jamiu ne ya fara motsi. Ya koma shagon, ya sa takalminsa, ya share ruwan da buhu, ya shimfiɗa busasshen katako ya hau. Ya ciro fitilar gwajinsa, ƙwan lantarki ne da wayoyi biyu. Ya sa aka riƙe masa ɗaya a kan sandar da ke baya ta cikin ramin, ya maƙala ɗayar a jikin injin, ya ce kowa ya ja baya, ya tura makunnin sama da guntun katako. Ƙwan ya kama tar, har ya haska fuskokin da ke bakin ƙofa. Ya bar shi yana ci na ɗan lokaci, yana kallon wurin da tafin hannunsa yake ɗazu. Sannan ya kashe, ya zauna a kan dusar katako.

Da ya samu natsuwa ya buɗe murfin moton da ke juya bel ɗin. Ruwan sama ya daɗe yana ɗiga daga wani huji a rufin, ya jiƙa dusar da ta taru a ciki, ga kuma waya ɗaya da girgiza ta goge wa riga har ta taɓa ƙarfe. Ya nuna wa mai unguwa.

Iddrisu yana tsaye yana kallon hannunsa na dama, wanda ya kai bango. Ya juya ya dubi Awabu, ta jira ya ce ta tattara kayanta. Bai ce ba. Ya wuce ta kamar ba ta wurin, ya je ya durƙusa a gaban Jamiu, mutumin da ya girme wa nesa ba kusa ba.

Salimatu ce ta tsaya a gabanta. Jaririyar ta farka tana ƙananan kuka a baya.

“Da kwanon miyata a hannunki,” ta ce a hankali. “Ina gaya miki za mu bar gari, kina cewa ta yi ƙamshi.”

Ta gyara goyonta ta tafi. Matan da suka yi ta ɗaga taɓarya kwanakin baya suka buɗa wa Awabu hanya, amma ba irin buɗawar famfo ba.

Ba ta shiga gida ba. Da yagaggen zanen ta tari mota, don ta rantse ba a bakin wani Ishawu zai ji ba. Ta same shi zaune yana ƙoƙarin ɓare lemo da hannun hagu. Ta karɓa ta ɓare masa, ta faɗa masa komai tana kallon lemon, tun daga garin dokunun maƙwabta har zuwa ƙwan da ya kama.

Da ya yi magana, sai ya fara da kansa. Ya ce ya san rufin yana zuba, yana ta cewa sai bayan Sallah. Ya ce Jamiu ya sha gaya masa kada ya kusanci injin da ruwa a jiki, kada ya tsaya sai a kan katako, shi da yake hana kowa shiga shagon da babbar riga ko laya a wuya, ga shi ya shiga ba takalmi. Zuciyarta ta fara sauka. Sai ya ɗago.

“Yankewar na gane, Awabu. Rago ne, ba ki sani ba. Amma lokacin da kike cusa ta cikin ramin, ai kin sani.”

Ta ce ta sani.

Ya ɗauki ɓarin lemo ɗaya ya riƙe bai sha ba. Ya ce ta koma gida kafin magariba, gobe ta kawo masa hularsa ta Sallah da farar rigarsa, ko a gadon asibiti ne zai sa. Bai yi mata barkwancin taɓarya ba da za ta fita, bai kuma bi ta da ido ba.

Da safe bayan an sauko daga idi, Iddrisu ya cika maganarsa. Ya riƙe hannun Jamiu suka bi layin gida-gida, har gidan tela, har ƙofar masallaci. Sannan ya dawo ya yanka ragon a madadin ƙanensa, ya feɗe, ya wanke wuƙarsa ya tafi, duk ba tare da ya yi wa Awabu magana ba sai sau ɗaya, da ya ce ta miƙo gishiri.

Ta zaɓi cinya guda, ta sa a babban kwanonta mai fure, ta rufe da sabon adiko. Ba ta aiki kowa ba, ita ta ɗauka a ka ta ratsa layin, ido na binta. Salimatu tana bakin murhu. Awabu ta yi sallama ta sauke kwanon, ta faɗi abin da ta zo faɗa. Salimatu ta amsa sallamar, ta ce ta ji, ta ci gaba da hura wuta. Daga cikin ɗaki Jamiu ya leƙo ya ce Anti barka da Sallah, jibi zai zo ya sa sabuwar waya, wannan karon cikin bututun ƙarfe, ya kuma zuba siminti a kan sandar yadda ko saniya ba za a iya ɗaurawa ba. Ya so ya yi dariya, abin bai fito ba.

A layinsu ba a mayar da kwano haka nan. Ko ƙosai ne, ko goro, ko 'yan barkono, sai an sa wani abu a ciki. Da yamma Awabu ta dawo daga asibiti ta tarar da nata a bakin ƙofa, an wanke shi tas, an ninke adikon a kai. Ta ɗaga adikon. Babu komai a ciki.

Ta tsaya da shi a hannu tana kallon shagon da ke kulle. Sannan ta shiga ta kife kwanon a kan sauran, ta hura wuta, don akwai naman da za ta soya wa Ishawu kafin ya lalace.